Kunun Miss Pearl

Nuhu da Alheri, wannan babin na labarin rayuwata naku ne, ku karanta shi a zaune. Ba wanda ya roƙe ni in rubuta shi, kuma da na so in tsallake shekarar nan gaba ɗaya kamar yadda na tsallake wasu. Abin da ya hana ni shi ne maganar da na ji a bayan gidanki, Alheri, ranar da aka yi wa jikata bikin zagayowar haihuwa. Ana zafi, mijinki yana tsaye wajen gashin nama yana zuba wa abokansa giya rabin kofi yana cikawa da lemo, ni kuma ina fitowa daga kicin da tiren shinkafa. Ba ki gan ni ba. Kika ja hannun rigarsa kika ce ya kawar da kwalaben kafin in fito.

"Mum ta taɓa samun problem da shi," kika ce, "shekarar da Dad ya yi ciwo."

Na tsaya nan da tire har ya fara ƙona mani yatsu. Ashe abin da kuka riƙe a kaina ke nan duk shekarun nan? Shi ya sa Nuhu yake shinshina kofina in na je gidansa, yana yi kamar tebur yake gyarawa? Kai jama'a! Na so in rubuta cewa ban yi fushi ba, amma na yi, har naman ma na ƙi ci. To bari in ba ku labarin yadda abin ya faru, ko da yake ni kaina akwai wuraren da har yau ban gane ba.

Kun san babanku a matsayin Dattijo Bitrus, direban bas, mutumin da yake sa kwat ya ɗaure wuya ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. Ba ku san shi yana saurayi ba, yana turo keke daga gidan burukutu ranar kasuwa, babansa a kife a kan sirdi kamar buhun masara, yara suna bin su suna waƙa. Sau ɗaya ya gaya mani wannan, kafin mu yi aure, bai sake ba. Ranar da aka yi masa baftisma a rafin garinmu, kafin a nutsar da shi, ya ɗaga hannu ya ce giya ba za ta wuce maƙogwaronsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ba wanda ya ce ya faɗi haka, shi ya sa kansa. Da alkawarin nan ya hau jirgi ya zo London. Ko cakulan aka ba shi a wurin aiki lokacin Kirsimeti, sai ya juya bayan kwalin ya karanta, in ya ga an ɗiga wani abu a ciki ya mayar wa mai shi da godiya.

Cocinmu a lokacin wani ɗaki ne da muke haya a saman shagon kitso a Peckham, mu 'yan Filato da kudancin Kaduna da 'yan Adamawa kaɗan. Da Hausa muke sujada, ƙamshin man gashi yana hawowa ta matakala. Komai namu na gida mun zo da shi, har da horo. Wanda laifinsa ya fito fili, dattawa za su zauna a kansa, a sanar ranar Lahadi, a hana shi cin jibin Ubangiji, ya koma bencin baya har sai an ga tubansa. A nan ba mu da benci, kujerun roba ne, amma sunan ya biyo mu. Wasu kujeru ne kusa da ƙofa inda ake rataye rigunan sanyi, duk mai shiga ko fita sai ya goge ka. Kafin ciwon babanku da kamar shekara, an ga wani ɗan'uwa, Yakubu, mai gadi a wani kanti, riƙe da kofi a bikin abokin aikinsa Bature. Da aka kira shi ya ce ai ba giya ba ce zalla, irin haɗin nan ne na Turawa, lemo ya fi yawa. Wasu dattawan sun so a ja masa kunne kawai a bar maganar. Babanku ne ya ƙi.

"In ɗigo ɗaya ya faɗa cikin randa," in ji shi, "ni a wurina randar nan duka ta zama ta giya."

Yakubu ya ɗan zauna a baya, daga nan ba mu sake ganinsa ba. Ku riƙe maganar randar nan, don ita ce ta biyo mu har kicin ɗina.

Ciwon kun san shi, daji ne a hanji. Abin da ba ku gani sosai ba, don kuna makaranta, shi ne yaƙin da na yi da cokali. Maganin da ake ɗura masa ta jijiya ya kashe masa baki. Ya ce komai ya sa a harshe sai ya ji kamar tsohon kwabo yake tsotsa. Ba abin da ban dafa ba. Na bi titin Rye Lane shago shago na samo acca na yi gwate, na yi kunun gyaɗa, na yi tuwo mai laushi da miyar karkashi, na yi farfesun kaza ba yaji. Zai kalli kwanon, ya yi addu'a a kansa, ya kai cokali ɗaya, sai ya kawar da kai ya ce, "Sannu da aiki, Maman Nuhu." Wannan sannun ta fi zagi zafi a wurina. Zoben aurenmu ya fara zamewa daga yatsansa, na ɗaure masa da zare. Ranar da aka ɗora shi a sikeli a asibiti, likita ya kira ni gefe ya ce in ya ci gaba da ramewa haka dole su dakatar da maganin, jikinsa ba zai ɗauka ba. Ban tambaye shi abin da zai biyo bayan dakatarwar ba, na gani a fuskarsa.

Kuna tuna Miss Pearl, tsohuwar nan 'yar Jamaika da ke flat ɗin da ke kallon namu, mai hular coci kamar faifai? Ta gan ni a matakala ina kuka da kwanon gwate a hannu. Da yamma sai ga ta da jug, an rufe bakinsa da farin ƙyalle. Abin da ke ciki mai kauri ne, launinsa kamar kunun tamba da aka zuba wa madara, da sanyi, yana ƙamshin gyaɗar ƙamshi. Ta ce da shi ta yi jinyar mijinta, in ba babanku kaɗan kaɗan. Na gode mata don kunya kawai, na zuba rabin kofi na kai masa ba tare da na sa rai ba. Ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa. Yesu na! Mutumin nan ya shanye, ya miƙo mani kofin ya ce ko akwai saura. Ya ce akwai wani ɗan ɗaci a ƙarƙashin zaƙin, shi ne ya kore masa ɗanɗanon ƙarfen nan. Bayan ya sha har ya ci lomar tuwo. Shi ya raɗa masa suna kunun Miss Pearl, ni kuwa na shiga banɗaki na durƙusa na yi godiya.

Ta yi ta kawowa, ni kuma na ga bai kamata in bar tsohuwa da wahala ba, sai na je in koyi yadda ake yi. Ta zaunar da ni a kicin ɗinta tana fito da kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya: madara, madarar gwangwani mai kauri, gyaɗar ƙamshi da abin gogawa, ɗan vanila. Ina gyaɗa kai. Sai ta buɗe firji ta ɗauko baƙin gwangwani ta fasa, ta tuttula cikin kwano, kumfa ta taso. Warin gidan burukutu ya bugi hancina.

"Miss Pearl, mene ne wannan?"

"Stout mana, darling. In babu shi ai madara ce kawai."

"Giya ce fa!"

Ta dube ni kamar na ce ruwa wuta ne. Ta ce wace irin giya, wannan abinci ne, a garinsu mai jego ake ba, da tsoho, da wanda ya tashi daga ciwo. Ta ce ita ma mai bi ce, shekarunta a coci sun fi shekaruna a duniya, ba ta taɓa buguwa ba. Na fito daga gidan. Mijina, Dattijo Bitrus, ya kwana biyu yana shan baƙar giya daga hannuna, yana lashe baki, kuma saboda ita na durƙusa na gode wa Ubangiji. To wa ya amsa addu'ar tawa ke nan?

Na daina ba shi. Na ce ai mu ma muna da namu, malt da madara, wanda kowa a gida ya san yana ƙara jini. Na haɗa, na goga gyaɗar ƙamshi a kai don ya yi kama. Kurɓa ɗaya ya yi ya ce zaƙin ya yi yawa, ya amayar. Na gwada da koko, na gwada da kofi mai ɗaci, har ruwan shuwaka na ɗiga, ku ji hauka. Lokacin kuma ba a cika samun irin wadda ake cewa ba ta bugarwa ba. Wata ta ce in na tafasa giyar ƙarfinta zai fita da tururi, wata ta ce ƙarya ne, ba ya fita duka. Na tafasa a gidan Miss Pearl, ta zama wani abu kamar kwalta, ko ita ta ƙi sha. Shi kuwa ya koma kawar da kai daga kwano. Kullum da yamma sai ya tambaya, a hankali kamar mai jin nauyi, ko Miss Pearl ba ta da lafiya ne.

Sai na shiga tambaya, kuma da na sani ban fara ba, don kowa na tambaya sai ya ƙara dagula mani kai. Likita ya ce shi damuwarsa mutumin ya ci abinci, ɗan wannan a cikin madara ba zai yi faɗa da maganin da yake sha ba, amma kada ya wuce kofi. Na je wurin Fasto na ce wata ƙawata ce take cikin wani hali. Ya buɗe nan ya karanta, ya buɗe can ya karanta, aya ɗaya ta hana, ɗaya kamar ta bari, ya rufe ya ce ƙawar tawa ta yi addu'a sosai. Hajiya Fati, 'yar Kumasi da nake sayen daddawa a wurinta a Deptford, ta saurare ni har ƙarshe, ta amsa da Hausarta ta zongo wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Haram ne, Maman Nuhu, ba ni ɓoye maka. Amma mijinka na mutuwa, kai kana yawo kana tambaya?"

Na buga wa kakarku, mahaifiyata, waya a ƙauye. Ita kafin ta tuba burukutu take dafawa, duk yankinmu an san tukunyarta. Dariya ta yi har da tari.

"Ke Ladi, dawa in an dama an sha yau kunu ce, in ta kwana biyu ta zama giya. A wane daren zunubin yake shiga? Na yi shekaru ina gadin tukunya ban taɓa ganin shigarsa ba."

Har na fara jin sanyi a raina, sai ta ƙara da cewa, "Amma kada ki kuskura ki kai wa Bitrus. Wannan mutumin alkawari ya yi a cikin ruwa, ina tsaye a bakin rafin."

To ina zan sa kaina? Na ga ba mai raba ni da wannan sai mai alkawarin. Na same shi da rana a kujerarsa ta bakin taga, an lulluɓe shi da bargo ana tsakiyar bazara, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Na ja kujera na zauna. Na riga na shirya maganata tun a kicin.

"Baban Nuhu, kunun nan na Miss Pearl. Na je na ga yadda ake yi. Akwai abin da ya kamata ka sani a kan abin da ake..."

Ya ɗaga hannu. Bai dube ni ba, titi yake kallo.

"Maman Nuhu, tun da na auro ki, na taɓa tambayarki abin da kika zuba a tukunya?"

"A'a."

"Na taɓa shiga kicin ɗinki na buɗe murfi?"

"Ba ka taɓa ba."

"To ba yau zan fara ba. Abin da kika ba ni, shi zan ci."

Ya rufe ido. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin wannan ba, ku da mazanku da matanku kuke shiga kicin tare kuna leƙa wa juna tukunya. A garinmu namijin da ke tambayar abin da ke cikin miya, ko dai marowaci ne ko yana zargin matarsa da sa masa magani. Babanku bai taɓa yi ba, gaskiya ya faɗa. Amma me yake nufi a ranar? Ya sani ne, yana roƙona kada in furta don kada ya zama dole ya ƙi? Mutumin da ya tashi cikin warin burukutu zai kasa gane shi a cikin madara? Ko kuwa maganin ya kashe masa hanci da baki har bai gane ba, yana nuna mani yarda ce kawai, irin ta mutumin da ya tabbata matarsa ba za ta taɓa ba shi abin da ya rantse a kai ba? In na farko ne, izini ya ba ni. In na biyu ne, amana ya ɗora mani. Na zauna ina kallon fuskarsa ko zan ga alama, sai na ji ya fara minshari.

Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar Miss Pearl. Ban ce na gane ba, ban gane komai ba. Na dai ga zoben nan da zare, na ce in akwai laifi a rubuta shi a kaina.

Da farko ita take sayo gwangwanayen, in haɗa a kicin ɗinta, in shigo da jug. Sikeli ya fara tsayawa, daga baya ya fara hawa kaɗan kaɗan, aka ci gaba da magani. Sai aka yi wa Miss Pearl aiki a gwiwa, ta tafi wurin 'yarta jinya, saye ya dawo kaina. Nakan hau bas har Deptford inda ba a san ni ba sosai, in shiga shagon kamar ɓarauniya, in tura su ƙarƙashin doya. Wata Asabar mun tashi daga koyon waƙa na zumuntar mata, na tuna babu ko ɗaya a gida, ga shi yamma ta yi. Na ce bari in yi sauri in saya nan kusa, wa zai gan ni? Ina sanye da zanen zumunta, ɗaurin kai da riga da komai, irin mai tambarin nan da kowa ya san na matan coci ne. Mai shagon ya zuba mani a wata leda marar ƙwari. Ina isowa wurin tsayawar bas a Rye Lane, cikin taron Asabar, gindin ledar ya yage. Gwangwanaye suka watse suna birgima, ɗaya ya fashe yana feshi, ɗaya ya gangara ya tsaya daidai takalmin Mama Rifkatu, uwar zumuntarmu, ita ma da nata zanen. Ta sunkuya ta ɗauka, ta karanta, ta miƙo mani da yatsu biyu.

"Maman Nuhu," ta ce, "da zanen?"

Dattawa suka kira ni cikin makon. Kujerar babanku tana nan a cikinsu ba kowa a kai. Fasto, Allah ya saka masa, ya yi ta buɗe mani ƙofa. Ya ce wataƙila aike ne, ko na maƙwabciya ne? Da na ce e, da an tashi. Amma ba na iya ƙarya a gaban dattawa, bakina ba ya yi. Gaskiyar kuma in na faɗe ta duka, to dattijon da ya kori Yakubu a kan ɗigo ɗaya shi ne yake shan kofi guda kullum. Za su ce a tambaye shi. In an tambaye shi a fili, na san Bitrus, ko ya sani ko bai sani ba zai ture kofin, ya mutu da alkawarinsa a hannu.

"Ni na saya," na ce. "A kicin ɗina ake amfani da shi."

"Kina sha ke nan?" in ji wani dattijo.

Na yi tunani. Wace mai girki ce za ta kai wa marar lafiya abu ba ta taɓa a harshe ba? Kullum sai na ɗiba a cokali in ji ko zaƙin ya yi daidai.

"Yana shiga bakina," na ce.

Mama Rifkatu ta fashe da kuka. Suka ce wahalar jinya ce ta kai ni, Shaiɗan yakan shiga ta inda mutum ya gaji. Suka yi mani addu'a da zuciya ɗaya, wannan ba zan hana su ba. Suka sa ni a horo, aka karɓe tulun da nake bugawa a zumunta, aka kuma yarda kada kowa ya gaya wa Dattijo Bitrus, kada baƙin ciki ya ƙarasa shi. Kun ji fa. Ni ina ɓoye masa abin da ke cikin kofi, su suna ɓoye masa abin da matarsa ta yi, shi kuma Allah kaɗai ya san abin da yake ɓoye mana.

Ranar da aka sanar kuna wurin. Na tashi daga cikin mata na tafi bakin ƙofa na zauna, rigunan sanyin mutane suna shafar kaina. Nuhu, kai ka fita ba ka dawo ba sai da aka tashi. Da muka iso gida, Alheri, kika biyo ni kicin kika rufe ƙofa.

"Mum, are you drinking?"

Na ce ki je ki cire kayan coci. Me zan ce maki? Ke ba kya iya riƙe magana, duk abin da kika ji sai kin kai wa babanki, ku biyu kamar ƙawaye. Na ga Nuhu yana bincika kwandon shara, na ga an zuba mani ido in na daɗe a kicin. Ya yi mani ciwo ƙwarai, ciwon da ya fi na bencin baya. Wata Lahadin ina zaune a can sai in ji kamar ni ce mai gaskiya a ɗakin duka, wata Lahadin kuma in ji ai daidai aka yi mani, har ma an rage, tunda na karya wa bawan Allah alkawarinsa da hannuna. In aka zo wucewa da tiren jibi, mai rabawa yakan kawar da ido ya tsallake ni. Ina komawa gida kuma in fasa gwangwani in goga gyaɗar ƙamshi.

Haka muka ci sanyin shekarar. Da aka gama magani, aka yi hoto aka ce abin ya ja baya, bakinsa ya fara dawowa, ya koma cin tuwo. Wata Lahadi da safe sai na gan shi ya fito da kwat ɗinsa, ta yi masa yawa kamar ta aro, ya ce yau da shi za a je. Ban gaya masa komai ba, ban kuma san ko wani ya gaya masa ba. Ya hau matakalar cocin nan da sanda yana hutawa. Yana shiga mata suka saki guɗa, aka tashi tsaye ana waƙa, Fasto ya sauko da kansa ya kama hannunsa zai kai shi kujerarsa ta gaba. Ni kuwa na zame na zauna a wurina na bakin ƙofa, na sunkuyar da kai. Sai na ji waƙar tana raguwa. Na ga ƙafar sanda a gabana.

"Matsa mani," ya ce.

Na matsa. Ya zauna a kujerar da Yakubu ya taɓa zama, ya jingine sandarsa, ya buɗe littafin waƙa. Da aka zo da tiren jibi, mai rabawa ya tsaya a gabansa. Babanku ya girgiza kai, ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Bai sake komawa kujerar gaba ba har aka ɗage mani horon, bayan nan kuma ya ajiye dattijantakar, ya ce ƙarfinsa bai kai ba.

Kowa ya ce dubi mutumin Allah, ya ji abin da matarsa ta yi, ya yafe mata a gaban jama'a. Mama Rifkatu ta faɗe shi a wurin jana'izarsa bayan shekaru, kuna ta kuka, na san ku ma haka kuka ɗauka. Wataƙila haka ne. Ni dai ga abin da na sani. A bas ranar da ya zauna kusa da ni a baya, muna wucewa ta gaban shagunan kifi, ya tambaye ni ko akwai wanda ya san inda Yakubu yake zaune yanzu. Na ce zan bincika. Mun yi sauran shekarunmu tare, ya ga auren Nuhu, ya ɗauki jikarsa a hannu, kuma ko sau ɗaya kalmar giya ba ta fito daga bakinsa ko nawa ba. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaye shi, sai in tuna hannun nan da ya ɗaga a bakin taga.

A ranar Lahadin nan, da muka iso gida kun shige ɗakinku. Ya zauna a kujerarsa bai ko cire kwat ba, ya ce ko akwai sauran kunun nan. Na ce akwai, ko da yake ya kwana biyu bai nema ba. Na juya zan tafi kicin.

"Maman Nuhu."

"Na'am."

"Zuba kofi biyu."

Na zuba biyu. Muka zauna muna kallon titi, ya sha nasa, na sha nawa har ƙasa. Ɗaci gare shi, ban ga abin da ya gani a ciki ba. Wannan kofin, Alheri, shi ne na farko kuma na ƙarshe da na taɓa sha a rayuwata, kuma babanki ne ya ce a zuba. Shi ke nan problem ɗin Mum.